Kama Da Wane Ba Ta Wane

Akwai wata tambaya wadda ta kamata kowane mai hankali ya zauna ya auna. Tsakanin ƙarya tsagwaronta da ƙaramar gaskiya wadda aka kumbura, wace ce ta fi cutar ɗan Adam? Da yawa za su yi saurin cewa ƙarya, domin ita aka saba zagi. Amma ai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kome daren daɗewa asirinta kan tonu, mutum ya rabu da ita. Ita kuwa gaskiyar da aka kumbura tana da shaidu. Duk sa'ad da mutum ya fara shakkarta, sai ta tuna masa da wata rana da ta yi masa amfani, ya koma ya rungume ta fiye da dā.

Irin wannan magana tana da wuyar yankewa, domin yawancin al'amuran duniya ba su aunuwa da mudu. To, amma akwai wani wuri guda inda za a iya ƙirga girman gaskiya daidai wa daida, a kuma ƙirga asarar wanda ya kumbura ta. Wurin nan shi ne wani wasan karta na Amurka da ake kira foka, wanda yanzu ake yinsa ta intanet a ƙasashe masu yawa. Kada mai karatu ya zaci za mu koya masa caca ne. Musulunci ya haramta ta, kuma ko inda doka ta yarda da ita an san gidajen da ta rusa. Likita yakan duba ciwo don ya fahimci lafiya. Haka mu ma za mu leƙa teburin 'yan caca don mu ga wani hali wanda ke tare da mu duka, har da waɗanda ba su taɓa riƙe kati ba.

Yadda wasan yake

Kartar Turawa kati 52 ce. An kasa su gida huɗu, kowane gida kati 13, kowanne da alamarsa. A nan za mu kira gidajen dangi, mu kira alamomin Zuciya, da Lu'ulu'u, da Mashi, da Ganye. A kowane dangi akwai kati masu lamba daga 2 zuwa 10, sa'an nan Yarima, da Sarauniya, da Sarki, da As mai harafin A, wanda ya fi su duka daraja.

Foka iri iri ne, amma wanda ya fi shahara shi ne wanda ake dangantawa da jihar Teksas, ana ce da shi Holdem. Ana raba wa kowane ɗan wasa kati biyu a ɓoye. Su ne hannunsa na farko. Ya duba, in ya ga za su yi, ya zuba kuɗi. In bai gani ba, ya yar da su ya jira wani rabo. Daga nan a buɗe kati uku a tsakiya, na kowa da kowa, a sake zuba kuɗi. Sa'an nan a buɗe na huɗu, a zuba. A buɗe na biyar, a zuba na ƙarshe. Kowa yakan haɗa biyunsa da biyar ɗin tsakiya ya zaɓi biyar mafi ƙarfi. Wanda nasa suka fi ƙarfi shi ke kwashe tulin kuɗin, sai fa in duk sauran sun tsorata sun janye tun kafin ƙarshe.

Cikin haɗe-haɗen da ake nema akwai wanda masu wasan ke kira fulash, mu kuwa za mu ce da shi taron dangi, watau kati biyar duk masu alama ɗaya. Haɗi ne mai ƙarfi. Ya fi tagwaye, ya fi tagwaye biyu, ya fi kati uku masu daraja ɗaya, ya fi biyar a jere. Abubuwan da suka fi shi kaɗan ne, kamar cikakken gida, watau uku masu daraja ɗaya tare da tagwaye. Saboda haka in aka raba wa mutum kati biyu 'yan dangi ɗaya, kamar Zuciya biyu, sai ransa ya yi fari, ya ce a zuci, "Ga biyu a hannu, saura uku."

To, nawa ne ainihin darajar wannan farin ciki?

Bari mu ƙirga

Wannan lissafi ba asiri ba ne. Duk mai takarda da fensir da haƙuri zai iya binsa. In an ba ka katin farko, saura 51, kuma 12 daga cikinsu ne danginsa. Ashe samun 'yan dangi ɗaya yakan faru sau 12 cikin 51, watau kusan sau ɗaya cikin huɗu. Hanyoyin da za a iya raba wa mutum kati biyu 1,326 ne, 312 daga ciki 'yan dangi ɗaya ne. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi: abin da mutum ke yi wa murna kamar baƙon alheri, abu ne na yau da kullum.

Yanzu ga biyu a hannunka. Katunan da ba ka gani ba 50 ne, 11 kaɗai ke cikin danginka. Ukun da za a fara buɗewa suna iya zuwa ta hanya 19,600. Cikin waɗannan, hanya 165 ce kurum za ta kawo maka ukun da kake so gaba ɗaya, watau sau ɗaya cikin 119. Hanya 2,145 kuma za ta kawo biyu, ta bar ka kana jiran ɗaya. Wannan kusan sau ɗaya ke nan cikin tara. In ka sami kanka cikin wannan jira, kuma ka tsaya har aka buɗe na huɗu da na biyar, buƙatarka za ta biya kamar sau 35 cikin 100.

In aka tara duka, mutumin da ya riƙe 'yan dangi ɗaya ya zauna har ƙarshe, yakan sami taron dangi sau 6 da 'yan kai cikin 100, kamar sau ɗaya cikin 16. Mai katuna biyu mabambanta dangi shi ma yakan samu kamar sau 2 cikin 100, in huɗu ko biyar na tsakiya suka zo iri ɗaya. Ku dubi tazarar. Cikin rabo 100, wajen 94 za su wuce ba tare da dangin nan sun taru ba.

An kuma sa kwamfuta ta gwada kowane hannu da hannun abokin karawa guda wanda ba a san abin da ya riƙe ba. As da Sarki 'yan dangi ɗaya sukan ci sau 67 cikin 100. As da Sarki mabambanta sukan ci sau 65. Bakwai da Biyu, waɗanda ake ƙirgawa cikin mafi munin hannuwa, in danginsu ɗaya sukan ci sau 38. In sun bambanta, kusan sau 35. As biyu kuwa, waɗanda ba su taɓa zama dangi ɗaya, sukan ci sau 85. Ashe zumuncin kati yakan ƙara biyu, ko uku, ko huɗu cikin ɗari. Girman katin shi ke ɗauke da sauran nauyin.

A ba mai haƙƙi haƙƙinsa

Kada wani ya ji haka ya ce ashe abin banza ne. Wannan ma kuskure ne, ɗan'uwan na farko. Gwanayen wasan ba su raina ƙarin nan ba. Cikin wani littafi da David Sklansky da Mason Malmuth suka fitar a 1988, sun jera hannuwan farko aji aji. As da Sarki 'yan dangi ɗaya suna aji na farko, mabambanta suna na biyu. Haka kuma na'urorin lissafi na yau, waɗanda ba su san kyau ko muni na kati ba, sukan shiga wasa da hannuwa 'yan dangi ɗaya masu yawa alhali suna yar da takwarorinsu mabambanta.

Dalili kuwa shi ne, amfanin zumuncin bai tsaya ga yawan ci kaɗai ba. Wanda ke jiran kati ɗaya don danginsa su cika yana da hujjar ci gaba da wasa, kuma yana iya yin burga ya kori abokan karawa, in burgar ba ta ci ba yana da sauran mafita. In mutane da yawa suka shiga tuli ɗaya, ƙananan haɗe-haɗe sukan rasa ƙarfi, taron dangi kuwa yakan tsaya. Ranar da ya zo, sau da yawa tulin da yake ci babba ne. Duk wannan gaskiya ne.

Amma ku lura da inda gwanaye ke sa wannan gaskiya. Hannun da dā ma yake bakin iyaka, tsakanin a shiga da a bari, shi zumunci ke turawa ya tsallake. Hannun da yake can nesa da iyaka ba ya tsallakewa. Bakwai da Biyu, ko da danginsu ɗaya, gwani yakan yar da su kusan kullum. Gishiri yakan gyara miya, amma ba a cika tukunya da ruwa a zuba gishiri a kira mutane cin abinci.

Ƙofofi uku na ruɗi

To, in lissafin a fili yake haka, me ke sa dubban mutane su riƙa yi wa rogo kallon kitse? Ƙofofin da ruɗin ke shigowa uku ne.

Ta farko ita ce tunawa. Zuciyar mutum ba ta riƙe lissafi da adalci. Sau 15 ɗin da dangi suka ƙi taruwa sukan wuce shiru, kowanne da 'yar asararsa wadda ba ta isa labari ba. Na 16 ɗin kuwa yakan zo da ganga da algaita, mutum ya yi ta ba da labarinsa wata guda. Har tarihin wasan ma haka yake ruɗin masu saurarensa. A birnin Las Begas ake yin babbar gasar foka ta duniya, wadda aka fara a 1970. Wani gwani mai suna Doyle Brunson ya ci ta a 1976, ya sake ci a 1977, kuma duk sau biyun da Goma da Biyu ya gama, har aka laƙaba wa hannun sunansa. A karon farko katunan 'yan dangi ɗaya ne, a na biyu mabambanta, kuma duk sau biyun da cikakken gida ya ci, zumunci bai tsinana masa kome ba. Goma da Biyu mugun hannu ne kafin ranakun nan, mugun hannu ne bayansu. Abin da labarin ya nuna shi ne mugun hannu ma yakan ci wata rana. Abin da masu kwaɗayi suka ji kuwa shi ne a riƙa shiga da shi.

Ƙofa ta biyu ita ce jira. Da a ce 'yan dangi ɗaya ko su ci nan take ko su faɗi nan take, da ɓarnarsu ba ta da yawa. Amma sau ɗaya cikin tara sukan kai mutum bakin ƙofa su ce saura ƙiris, kuma ƙiris ɗin nan sai an saya. A ƙaddara akwai dala 100 a tuli, abokin karawa ya zuba 50, kai ma sai ka zuba 50 kafin ka ga kati na gaba. Katunan da ba ka gani ba 47 ne, 9 ne za su cece ka. In ka yi wannan ciniki sau 47, ka biya dala 2,350. Ka ci sau 9, kowanne dala 200, watau 1,800. Ka yi asarar 550, sai fa in kana da tabbacin ƙarin riba daga baya, kuma wannan tabbacin shi ne abin da kowane mai kwaɗayi ke rantse wa kansa yana da shi. Ga shi mutum bai yi imani da wata ƙarya ba. Da gaske saura kati ɗaya. Farashin ne bai tambaya ba.

Ƙofa ta uku ita ce mafi ɗaci, domin tana buɗewa ne ranar da buri ya cika. A ce kana riƙe da Bakwai da Biyu na Zuciya, aka buɗe Sarauniya da Tara da Uku, duk na Zuciya. Danginka sun taru, ka saki jiki, ka tura kuɗi. Amma akwai sauran Zuciya takwas a waje, biyar daga ciki sun fi Bakwai ɗinka. Duk wanda ya riƙe biyu, ɗaya daga cikinsu babba, ya fi ka. In kuma wata ƙaramar Zuciya ta faɗo a tsakiya, to, duk mai riƙe da babba ko da guda ɗaya ne ya gama da kai. Gaba da gabanta. Wanda bai sami kome ba yakan janye da 'yar asara kaɗan; wanda ya sami abu mai kyau amma akwai wanda ya fi shi, shi ke tashi hannu rabbana. Ashe a teburin nan mugun hannu ba ya talauta mutum kamar yadda hannu mai dama-dama ke yi.

Abin da intanet ya ƙara

Waɗannan ƙofofi sun girmi kwamfuta, amma intanet ya faɗaɗa su. An fara foka na kuɗi ta intanet a farkon 1998, a wani dandali mai suna Planet Poker. A 2003 wani akawun lissafi daga jihar Tenesi, Chris Moneymaker, ya shiga wata 'yar gasa a PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya sami kujera a babbar gasar Las Begas wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, ya kuwa cinye ta, ya tafi da dala 2,500,000. Hannun da ya gama da shi Biyar da Huɗu ne, mabambanta dangi. A shekarar nan mutum 839 suka shiga gasar; a 2006 sun kai 8,773. Sunan wanda ya ci kowa ya sani. Dubban da suka biya kuɗin da aka ba shi kuwa, ba mai tambayar inda suka kwana.

Abu na farko da intanet ya ƙara shi ne sauri. A tebur na katako, inda mutum ke gauraya karta da hannu, akan yi rabo kamar 30 cikin sa'a guda. A kan na'ura akan ninka haka har fiye, kuma mutum ɗaya yana iya buɗe tebur huɗu ko fi a lokaci guda. Tun da kusan kowane rabo na huɗu 'yan dangi ɗaya ne, mai wannan rauni zai gamu da jarrabawarsa sau da dama kafin shayinsa ya huce. Kuskuren da dā zai ɗauki shekara kafin ya cinye jarin mutum, yanzu wata guda ya ishe shi. Yau da gobe ƙaryar boka, in ji masu iya magana. Na'ura kuwa ta matso da goben kusa.

Na biyu shi ne la'ada. Mai dandali ba ya wasa da kowa, amma yakan yanki wani abu daga tuli, sau da yawa kamar biyar cikin ɗari, zuwa wata iyaka. A ƙaddara mutum shida suka zauna, kowa da dala 100, jimla 600. A ƙaddara cikin sa'a guda an yanki dala ɗaya ɗaya daga tuli 50. Bayan sa'a shida, dala 300, rabin duk abin da suka zo da shi, ya bar teburin, ba kuwa zai dawo ba. Su shida suna ta gardama a kan ƙarin uku cikin ɗari, mai gida yana kwasar rabonsa ba tare da ya jira ko wane dangi ba.

Na uku shi ne kuɗi sun daina nauyi. Wanda zai ƙirga takardun kuɗi da yatsunsa ya tura su gaba yakan ji wani abu a ƙirjinsa. Wanda zai danna maɓalli kurum, lamba ce ke canzawa a gabansa, ba wanda ke kallonsa balle ya ji kunya, ba kuma lokacin tashi.

Ina ruwan wanda ba ya caca?

Ruwansa babba ne, domin halin nan bai tsaya a kan karta ba. Mutum yakan ba wani amanar dukiyarsa don garinsu ɗaya. Yakan ɗauki yaro aiki don ɗan ƙanwarsa ne. Yakan ba da 'yarsa don gidan mai nema gidan mutunci ne. Yakan sayi hatsi ya ɓoye don bara warhaka ya yi tsada. Cikin waɗannan hujjoji babu ƙarya ko ɗaya. Ɗan gari yakan ji kunyar cin amana fiye da baƙo. Ɗan gidan mutunci yakan gaji wani abu. Amma kowace hujja ƙari ce a kan wani tushe. In akwai gaskiya da iya aiki, zumunci yakan ƙara musu ƙarfi, kamar yadda ya ɗaga As da Sarki daga aji na biyu zuwa na farko. In babu su, Bakwai da Biyu ne aka yi wa ado. Kama da wane ba ta wane.

Daga nan za mu iya fitar da wajibai uku a kan mai hankali. Na farko, in an kawo masa hujja, kada ya tsaya ga tambayar ko gaskiya ce. Ya ƙara da tambayar nawa ne girmanta, kuma nawa za a biya a bi ta. Yawancin masu ruɗin mutane sun san ƙarya tana da haɗari, don haka gaskiya suke sayarwa, amma da tsadar da ta ninka darajarta. Na biyu, ya dubi tushen da ƙarin zai hau kafin ya dubi ƙarin. Na uku, ya riƙa yi wa shawararsa hukunci da abin da ya sani lokacin da ya yanke ta. Wanda ya shiga da mugun hannu ya ci, ya yi wauta ne aka rufa masa asiri. Wanda ya yar da shi, sa'an nan ya ga da ya tsaya da ya ci, bai yi asarar kome ba sai abin da dā ma ba nasa ba ne. In mutum ya bar sakamakon rana ɗaya ya zama malaminsa, to, sa'a za ta koya masa karatun da zai halaka shi.

Wani zai ce, "To, malam, in kowa zai tsaya lissafi haka, wa zai yi shuka? Wa zai ɗauki kaya ya tafi fatauci? Ai duniya da sa rai take tafiya." Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu ture ta ba. Manomi yakan binne irinsa bai ga ruwan gobe ba, kuma da ya jira tabbas da yunwa ta kashe shi. Amma manomin kirki ai mai lissafi ne. Ya san ƙasarsa, ya san watan da ake ciki, ba ya fita shuka don yayyafin da bai jiƙa ƙasa ba, ba ya kuma zuba dukan irinsa a rami ɗaya. Sa ransa yana tsaye a kan abin da ya auna. Ban da haka, akwai bambanci babba tsakanin kasadarsa da ta ɗan caca. In manomi ya dace, hatsi ya ƙaru a duniya, maƙwabcinsa ma ya ci arha. In ɗan caca ya dace, daga aljihun na kusa da shi abin ya fito, bayan mai gida ya cire nasa. Gwanin da ya san darajar 'yan dangi ɗaya daidai, ribarsa ba ta fitowa daga karta. Tana fitowa ne daga wanda bai sani ba. Iliminsa gaskiya ne, amma abincinsa jahilcin ɗan'uwansa ne, wannan kuwa ba sana'ar da mutumin kirki zai yi alfahari da ita ba ce.

Wani kuma zai ce, "Ashe gara mutum ya yi watsi da ƙananan hujjoji duka, ya huta." A'a. Wanda ya raina ƙaramin alheri da wanda ya kumbura shi, ciwonsu ɗaya ne, watau ƙyuyar aunawa. Cewa "wannan shi ne kome" da cewa "wannan ba kome ba ne" duk suna da sauƙi a baki. Mai wuya shi ne mutum ya ce, "Wannan abu uku ne cikin ɗari, zan ba shi matsayin uku, ba talatin ba, ba kuma sifiri ba." Adalci ga abubuwa ke nan, kuma ɗan'uwan adalci ne ga mutane. Wanda ya saba ba kowace hujja gwargwadon nauyinta, da wuya ya zalunci baƙo don ba danginsa ba ne, da wuya kuma ya miƙa wa maci amana wuyansa don danginsa ne.

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Ƙarya tsagwaronta takan kama jahili, ranar da ya waye kuwa ya kuɓuta. Gaskiyar da aka kumbura ta fi son mai ɗan sani, wanda ya ji cewa 'yan dangi ɗaya sun fi, bai tsaya ya ji da nawa suka fi ba. Don irinsa ne aka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Maganin wannan ƙuƙumi shi ne a ƙarasa sanin, a bi magana har inda lambarta take. Saboda haka, ɗan'uwa, duk ran da wani abu ya faranta maka rai tun kallon farko, ko haja ce, ko aboki, ko shawara, ka yi masa tambayoyi uku kafin ka kwance bakin jakarka: da nawa ya fi waninsa, a kan me ya hau, kuma me zan biya kafin in ga ƙarshensa? In amsoshin sun gamshe ka, ka shiga da ƙarfin zuciya. In ba su gamshe ka ba, ka bar shi ya wuce ba tare da baƙin ciki ba, domin ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.